Rajistar sabar da cinikin shanu a Oko-Oba

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, cinikin shanu da dama a kara da mayankar Oko-Oba da ke Agege ya koma kan waya. Mahauci kan tura wa mai shanu kuɗi ta banki, ko OPay, ko Moniepoint, ko a bi ta hannun mai POS. Kowace tiransifa tana barin sawu a sabar, wato babbar kwamfutar kamfanin: lokacin da aka shiga asusu, lambar IP, irin wayar, sau nawa aka kuskure lambar sirri, wani lokaci har da wurin da wayar take. Wannan rajista ce ta gaji dillali da fatoma wajen tsayawa shaida idan ciniki ya rikice, kuma ma'anar da takardun kamfanoni ke ba ta ta fi karkata ga kamfanin da ya rubuta su.

Takarda biyu ne ke magana a kanta, ba kuma bakinsu ɗaya ba. A sharuɗɗan buɗe asusu, akan rubuta cewa abin da kwamfutar banki ta nuna shi ne hujja ta ƙarshe, kuma duk umarnin da aka bayar da lambar sirrin mutum nasa ne. A takardar kare sirri kuwa, rajistar nan kan zo can ƙasa a matsayin bayanan na'ura kawai, waɗanda ake tattarawa don inganta aiki. Idan za a ɗora wa ɗan kasuwa asara, rajistar ta san shi sarai. Idan ya nemi ganinta, sai a ce ba ta shafe shi ba.

Doka ba ta goyi bayan wannan baki biyu ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, ta lissafa bayanin wuri da alamar da ake gane mutum da ita a intanet cikin bayanan mutum na kansa. Ta ba shi ikon neman kwafin abin da aka ajiye a kansa, ta kuma hana a riƙe shi fiye da lokacin da ake bukata. Kotun Tarayyar Turai ta riga ta bi wannan hanya tun 2016 a shari'ar Breyer, inda ta yanke cewa lambar IP, ko da mai sauyawa ce, tana iya zama bayanin mutum.

Babbar matsalar tana cikin abin da rajistar ke iya tabbatarwa. Waya take gani, ba ta ganin hannun da ke riƙe da ita. A kara, dattijon da ya kawo tirelar shanu daga Potiskum ko Maigatari sau da yawa ɗansa ko yaron gidansa ne ke duba masa alat, shi ke danna masa lambar sirri a tsakiyar hayaniyar asuba, mahauta na jiran a sallame su. Layin wayar ma wataƙila da lambar NIN ta wani ɗan'uwa aka yi masa rajista. Asusun kuwa wakilin kamfani ne ya buɗe masa a bakin rumfa, ya danna maɓallin amincewa a kan shafuka na Turancin lauyoyi da ba wanda ya karanta masa, balle ya fassara. Ranar da kuɗi ya fita ba da saninsa ba, amsar da zai samu ita ce an shiga daga wayarsa da lambarsa. Maganar gaskiya ce a ma'aunin na'ura, amma ba ta nuna wanda ya ba da umarnin ba. Dillali aƙalla ana iya kiransa gaban sarkin fawa ko shugabannin kara a yi masa tambayoyi. Rajistar sabar tana hannun ɗaya daga cikin masu jayayyar, shi ke ajiye ta, shi ke zaɓar layin da zai nuna.

Kotu ma ba ta karɓar irin wannan shaida ido rufe. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya bukaci a nuna cewa kwamfutar tana aiki daidai, ana kuma amfani da ita a kai a kai, kafin a karɓi abin da ta fitar. A shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi takardun da aka ciro daga intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ita ma ta haramta sharaɗin da ya zalunci mai saye, ta kuma wajabta a yi masa bayani da harshen da zai fahimta. Sai dai kaɗan ne daga rigingimun kara ke kaiwa kotu. Mai shanu yana da tirela a gaba da masu bin sa kuɗi a Arewa, don haka a teburin ma'aikacin banki maganar ke mutuwa.

Kamfanoni suna da tasu hujjar. Sashe na 38 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya tilasta wa masu ba da sabis ajiye bayanan zirga-zirga na shekara 2, kuma da rajistar ake tona asirin masu alat na bogi, a gano kuɗin da ya maƙale tsakanin banki da banki. Wannan dalili ne na ajiyewa. Bai zama dalilin ɓoye wa mai asusu abin da aka rubuta a kansa ba.

Hukumar Kare Bayanai, NDPC, ta nuna tana iya cizo: a Agustan 2024 ta ci tarar bankin Fidelity naira miliyan 555.8, a Yulin shekarar kuma hukumar gasa da kare masu saye, FCCPC, ita ma ta ci tarar kamfanin Meta dala miliyan 220. Abin da ya rage shi ne NDPC da Babban Banki su fito fili su ce duk rajistar da aka kafa hujja da ita a kan abokin hulɗa, dole a ba shi cikakken kwafinta kafin a rufe ƙorafinsa. Ƙungiyoyin 'yan kara da mahautan Oko-Oba suna da yawan mutane da nauyin kuɗin da za su nemi hakan a rubuce, tare da fassarar sharuɗɗan zuwa Hausa da Yarbanci.