Ɗan Wace Ƙasa Ne Shugaba Darman?

Ranar 24 ga Janairu 1980, jami'an shige da fice suka ɗauke Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman a Maiduguri, suka tsallakar da shi iyaka zuwa Chadi. Ministan harkokin cikin gida, Bello Maitama Yusuf, shi ya sa hannu a takardar korar, wai baƙo ne mai barazana ga tsaro. Shugaba kuwa shi ne jagoran masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, jigo a jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim, mai adawa da NPN ta Shugaban Ƙasa Shehu Shagari. To ta yaya baƙo ya tsaya zaɓe, ya ci, har ya riƙe fasfo na Nijeriya? In kuma ɗan ƙasa ne, da wace doka aka kore shi?

Lauyoyinsa suka garzaya Babbar Kotun Maiduguri, domin sashe na 42 na tsarin mulkin 1979 ya ba duk wanda aka tauye wa haƙƙi damar kai kukansa babbar kotun jiha. Suka kafa hujja da sashe na 38, wanda ya hana a kori ɗan Nijeriya daga ƙasarsa ko a hana shi shigowa. Sai dai wannan kariya ta ɗan ƙasa ce kaɗai. Dokar shige da fice ta 1963 ta ba minista ikon korar baƙo. Shari'ar duka ta dawo kan asalin mutumin.

Nan gwamnati ta ga kamar ta riƙe wuƙa da nama, domin mahaifin Shugaba daga ƙasar Chadi ya fito. A al'ada ɗa na ubansa ne, gidan uba ake tambaya. Da al'ada za a bi, da magana ta ƙare.

Amma sashe na 23 bai bi al'ada ba. Ya ce wanda aka haifa a Nijeriya kafin samun 'yancin kai ɗan ƙasa ne, muddin ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ya fito daga wata al'umma ta asalin ƙasar. Ɗaya kawai ake nema, uwa ko uba. Asalin mahaifi ya daina amfani, ido ya koma kan mahaifiya.

Wannan ne ya sa aka fito da wata mata daga Chadi tana cewa ita ta haife shi. Da maganarta ta tabbata, da Shugaba ya rasa ta uwa ya rasa ta uba. Shi kuwa ya ce bai san ta ba, mahaifiyarsa tana Maiduguri da ranta, jama'a sun san ta. Kotu ta auna shaidu, ta gamsu cewa mahaifiyarsa 'yar Borno ce.

Daga nan sauran suka warware. Uwa 'yar ƙasa ce, shi kuma a nan aka haife shi, saboda haka ɗan ƙasa ne ta haihuwa, irin wanda shugaban ƙasa kansa ba shi da ikon ƙwace masa wannan matsayi. Dokar korar baƙi ba ta hau kansa ba. Mai shari'a Oye Adefila ya soke takardar, ya ce a biya Shugaba diyyar naira 350,000. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, kotun gaba ta sake tabbatar da cewa ɗan Nijeriya ne.

Tsarin mulkin 1999 ya riƙe waɗannan tanade-tanade a sashe na 25, na 41 da na 46. Suna da nauyi ga mutanen Borno, Katsina da Sakkwato, inda iyaka ta ratsa dangi, uba a can uwa a nan. Jami'i zai iya tuhumar asalin mutum, amma hukuncin na kotu ne, kuma dangin uwa kaɗai sun isa hujja.