Mai haɗa turare da mai juna biyu

A Maiduguri ba a cewa an gama shirin amarya sai an jiyo ƙamshinta tun daga zaure. Matan Barebari da na Shuwa ne suka riƙe sana'ar haɗa turare tun kaka da kakanni, kuma zarenta ya bi ta Chadi har Sudan, inda humra da dilka suke cikin kayan aure. Yanzu ta cika Kano da Kaduna da Damagaram, har ta waya ake cinikinta.

Aiki ne na haƙuri. Za a sassare itacen sandal ko hawi ƙanana, a jiƙa shi da turare, a narka sukari a tukunya har ya yi ja, sannan a zuba itacen a yi ta juyawa don kada ya kama. In ya huce a ƙara madarar turare, a danna a kwalba, a rufe, a bar shi makonni ya tsumu. Farce ya fi komai cin rai. Marfin wani dodon koɗi ne na teku, kuma da ƙarninsa yake zuwa. Sai an kankare shi, an wanke, an soya, an daka, kafin ya zama abin da ke riƙe ƙamshin humra a jikin tufa har bayan wanki. Ga kajiji, ga gabgab, ga jawi, ga miski, kowanne da gwargwadonsa, kuma gwargwadon nan shi ne sirrin da uwa ke bar wa 'yarta.

Abin da ya shigo sana'ar da ƙarfi a 'yan shekarun nan shi ne tataccen man tsirrai, wanda ake fitarwa da tururi a ɗura a 'yan kwalabe: na kanumfari, na kirfa, na na'a-na'a, na lafanda. Mutane na ganin tunda daga ganye ya fito ba ya cutarwa, alhali ƙarfinsa ya wuce na ganyen nesa ba kusa ba. Sai an tara furen wardi sama da tan 3 kafin a sami kilo 1 na mansa. Man kanumfari kuwa, fiye da kashi 70 cikin 100 nasa sinadari guda ne, yujinol, wanda ke ƙona fata in an shafa shi tsura. Abin da aka shafa yana ratsa fata ya shiga jini, wani kuma yakan ƙetare mahaifa ya kai ga ɗan tayi.

A nan ake gane gwana. Mace mai cikin fari ba za ta buɗe baki ta ce tana da ciki ba, kunya ba za ta bar ta ba. Mai turaren da ta san aikinta tana lura: amaryar bara ce, ta shigo ta kawar da kai daga kwalbar da take so a da, tana ta tara yawu. Sai ta jawo ta gefe, ta sassauta murya, ta ce, "'Yata, ko an samu ne?" In ta sunkuyar da kai, an ba da amsa. Daga nan ciniki ya canza, ko da kuwa zai rage kuɗin ranar. Ina girmama matan da ke yin haka ƙwarai, domin babu wata hukuma da ke tsaye a kansu, tsoron Allah ne kawai da sanin darajar sana'a.

A wata 3 na farko, lokacin da gaɓoɓin yaro ke haɗuwa, ungozomomi na ba da shawarar a ajiye tataccen mai gaba ɗaya. Bayan nan, in likita bai hana ba, ana iya shafawa a sirke: ɗigo 1 a cikin ƙaramin cokali na man zaitun ko man kwakwa, wato kusan kashi 1 cikin 100, kuma a fara gwadawa a hannu. Sha dai babu shi, ko a shayi ko a zuma. Matsi ma babu, na miski ne ko na wani abu. Kanumfari da kirfa da kafur sai bayan an sauka lafiya, haka man zafi mai ɗauke da sinadarin da ke dangin asfirin. Mai laulayi da amai ya dama, ta yanka lemun tsami ta shaƙa; a 2014 an wallafa wani gwaji da aka yi a Iran da mata 100 masu ciki, aka ga ƙamshin man lemun tsami ya rage musu tashin zuciya.

Hayaƙi ne abin da aka fi rainawa. Garwashin gawayi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga, musamman da sanyin hunturu, yana fitar da iskar da ba ta da wari ko launi, mai hana jini ɗaukar iskar numfashi, kuma jinin ɗan tayi ya fi na uwa riƙe ta. Don haka gwanaye kan ce a turara kaya a kan kabbasa a tsakar gida, a turara ɗaki mai ciki tana waje, a buɗe taga kafin ta shigo. Turaren tsuguno, mai haɗa zafi da hayaƙi a lulluɓe, a jingine shi.

Damuwata ita ce masu koyon sana'ar a ajin mako guda ta waya. Ana ba su ma'aunin sukari da sunayen turaruka, ba a ba su wannan babin. Ga kwalaben kasuwa da yawa ba takarda a jiki, ba lambar NAFDAC, an rubuta wardi ko oud alhali haɗin masana'anta ne. Ya kamata duk mai koyarwa ta ware rana guda ta gayyato ungozoma ta yi wa ɗalibanta bayani, har da na jego: kasko ba ya kwana a ɗakin jariri, kuma ba a shafa masa man kafur ko na na'a-na'a kusa da hanci.