Kafin a Canza Kabureta: Ɗan Ramin da Ke Cinye Ribar Mai Babur

A garin Tawa da ƙauyukan Adar babur ya daɗe da zama jakin zamani. Duk wanda ya tsaya bakin babbar kasuwa ranar Lahadi zai gan shi ɗauke da buhunan albasa, da kwandunan tumatir, da akurkin kaji, da cukun da ake saukowa da shi daga wajen Abalak da Cintabaraden. Mata da dama kuma sun kwashi adashi sun sayi babur, sun damƙa wa ɗa ko ƙane yana kabu-kabu, yana kawo musu abin da aka yi yarjejeniya kowace yamma. Ke nan lafiyar injin babur ta shafi tukunyar gidaje masu yawa, shi ya sa muka ga ya dace mu tattauna wata al'ada da ta yaɗu, wato canza wa babur kabureta.

Dalilin yaɗuwarta ba ɓoyayye ba ne. Shekara da shekaru mutanen wannan yanki sun saba da man kwalba mai araha, wanda ake kira ruwa-ruwa, da ke shigowa daga Najeriya ta Ƙonni, har bayan buɗe matatar SORAZ ta Damagaram a 2011. Da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, sai arahar ta kau. A watan Yuli na 2024 gwamnatin Nijar ta sauko da kuɗin lita daga sefa 540 zuwa 499, amma a watan Maris na 2025 an sha dogayen layuka a gidajen mai saboda ƙarancinsa. Tun daga nan kowa ya shiga lissafin lita. Wani yana son babur ya rage sha, wani yana son ya ƙara ƙarfin jan kaya cikin rairayi, dukkansu kuma wajen bakanike suke nufa.

To, mene ne aikin kabureta? Ita ce ke gauraya mai da iska kafin su shiga inji, kamar yadda mai fura ke daidaita nono da ruwa. Inji yana son wajen awo 15 na iska a kan awo 1 na mai, in an auna da nauyi. Abin da ke ƙayyade yawan man kuwa wasu 'yan ƙusoshin tagulla ne masu rami a tsakiya, waɗanda kanikawanmu ke kira jiklar, na Najeriya kuma su ce jet. Ƙaramin cikinsu yana aiki lokacin da babur ke tsaye yana kunne ko yana tafiya a hankali. A tsakiyar gudu wata siririyar allura ce ke iko, sai an murɗa hannu ƙwarai sannan babban jiklar ya karɓi aiki.

Kowane jiklar yana da lamba a jikinsa. A irin kaburetocin da suka cika kasuwanninmu, masu rubutun PZ26 ko PZ27 ko PZ30, lambar jiklar tana nuna faɗin raminsa: lamba 95 ta kusa milimita 1. Mai karatu zai ce ai tsakanin 95 da 105 babu wani abin a zo a gani. Akwai kuwa, domin ƙofar da mai ke bi ta ƙaru da fiye da kashi 20 cikin 100. A auna wannan da litocin da ɗan kabu-kabu ke ƙonawa a wata, za a ga inda riba ke zurarewa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayi babbar kabureta a ɗaura wa ƙaramin inji mai lamba 110 ko 125, a tashe shi a ji yana ƙara, a biya a tafi. Jiklar da ta zo da shi an zaɓe shi ne don wani inji dabam. Sannan idan maƙogwaron kabureta ya yi wa inji faɗi, iska na wucewa a sanyaye, ba ta zuƙo mai yadda ya kamata, sai babur ya riƙa shaƙewa in an murɗa masa hannu. Kuskure na biyu ya fi wannan muni, wato a sa jiklar ƙarami ainun don tsimin mai. Waɗannan injuna iska kaɗai ke sanyaya su, kuma idan mai ya yi musu kaɗan zafinsu na hauhawa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Tawa ke haura digiri 40, ga buhu biyu a baya, hakan na iya ƙona bawul ko ya huda fistin. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan.

Hanyar da ta fi lafiya ita ce a bi abin sannu a hankali. Da farko a wanke matacin iska, domin ƙurar hunturu na toshe shi, babur ya yi ta shan mai a ɗora wa kabureta laifin da ba nata ba. Sai bakanike ya duba lambar tsohon jiklar ya rubuta ta. A fara gwaji da wanda ya ɗan fi girma, a riƙa saukowa mataki ɗaya ɗaya, saboda yawan mai aljihu yake taɓawa, ƙarancinsa kuwa inji yake kashewa. Kada a canza abu biyu lokaci guda. A yi gwajin bisa hanya, inji da zafinsa, da irin kayan da aka saba ɗauka, sannan a kwance buji a duba bakinsa. Idan ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa. Idan ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, a gaggauta gyara. Idan ya yi ruwan ƙasa kamar soyayyar gyaɗa, an dace.

A kuma tuna cewa iska ba ɗaya take ba duk shekara. Ta sanyin Disamba da Janairu ta fi nauyi, tana son ƙarin mai, ta bazara kuwa ta fi sauƙi, don haka wanda aka matse wa jiklar da bazara yana iya cutuwa da sanyin asuba. Kada a yarda a zura waya ko allurar ɗinki cikin ramin da sunan buɗe shi, domin tagulla na da taushi, in ya faɗaɗa ba ya komawa. Lambobin kamfanoni ma sun bambanta: 100 na Keihin ba 100 na Mikuni ba ne.

Ke Hajiya mai babur a hannun yaro, da kai Alhaji mai aika kaya Keita ko Buza, ba sai kun iya riƙe sifana ba. Ku tambayi bakanike lambar da ya cire da wadda ya sa, ku ce a nuna muku bakin buji bayan kwana biyu, ku karɓi tsohuwar kabureta ku adana. A cika tanki kafin gyara a lura da tafiyar da ya yi, a sake bayan gyara, lissafi zai faɗi gaskiya. In kuwa tsohuwar wanki kawai take so, a wanke ta a mayar, kuɗin sabuwa ya koma cikin jari. Allah ya sa albarka a nema, ya kiyaye hanya.