Kambas Mai Kaki da na Kwaikwayo: Wanne Ya Fi Dacewa da Jakar Goyo?

Duk maɗinkin da ya shiga kantin yadi a Ingila ko Amurka da niyyar ɗinka jakar goyo, zai tarar da yadi iri biyu masu kama da juna kamar an tsaga kara. Ɗaya kambas ne da aka jiƙa da kaki, ɗayan kuwa kamanninsa kawai aka kwaikwaya. Kambas dai shi ne yadin nan mai kauri da ake yin tanti da tamfol da shi. Kakin da muke nufi kuma irin na zuma ne ko na kyandir, ba tufafin soja ba. Kada kuma a rikita shi da atamfa, domin kakin atamfa na riƙe zane ne a lokacin rini, daga baya a wanke shi.

Asalin wannan yadi daga teku ne. Matuƙan jiragen ruwa na Biritaniya sun lura cewa filafilan jirgi sun fi kama iska idan sun jiƙe, amma sai su yi nauyi. Saboda haka suka riƙa shafa musu mai, suna kuma ɗinka rigunan ruwa da ragowar yadin. Illar man ita ce yakan sandare da sanyi, ya kuma mai da yadin rawaya. Sai wajen shekarun 1930 aka koma ga kakin farafin, watau na kyandir, wanda ba shi da wannan aibi. Kamfanin Barbour, wanda aka kafa a garin South Shields a 1894, ya yi suna da riguna na irin wannan yadi.

A yadi na ainihi, kaki yakan ratsa cikin zaren auduga ya toshe ƙofofin saƙa, ta yadda ruwa zai taru ya gangare. Duk inda aka lanƙwasa shi sai wani farin layi ya fito, kuma wannan tabo shi ne adon da masu sha'awarsa suke nema. Babbar fa'idarsa ita ce ana sabunta shi. Idan kakin ya ƙare, sai a goga wani, a ɗumama shi ya narke, jaka ta koma kamar sabuwa. Amma fa ba a wanke shi da sabulu ko ruwan zafi, sai dai a goge da tsumma da ruwan sanyi.

Na kwaikwayon kuwa ba jabu ba ne, wata dabara ce ta daban. Galibi auduga ce ko poliyesta da aka yi wa shafe da wani sinadari dangin roba, alal misali poliyuretan. Ba shi da maiƙo ko wari, sau da yawa ya fi araha, kuma akwai irin da ke jure wanki. Sai dai shafen a fuska yake, bai ratsa zare ba. Zafi da laima sukan cinye poliyuretan sannu a hankali, ya fara ɗanko ko ɓarewa, kuma idan ya kai haka babu magani sai sabon yadi.

A kan keken ɗinki ma halinsu ya bambanta. Mai kaki ba ya son dutsen guga, domin kakin zai narke ya ɓata dutsen. Da yatsa ake danne shi, ya kuwa kwanta sarai. Takardar gam da teloli suke mannawa don ƙarfafa yadi ba ta kama shi. Tilas ne kuma a yi wa jakar shafi daga ciki, don kada maiƙo ya taɓa littattafai ko farar riga, sa'an nan a goge keken bayan an gama. Na kwaikwayo bai cika wannan wahala ba, wani ma yakan karɓi guga mara zafi ta baya, amma a fara gwadawa a kan ƙyalle tukuna. Dukansu biyu suna son allura mai lamba 16 ko 18, da zaren poliyesta mai ƙarfi, da ɗinki mai tazarar milimita 3 zuwa 4. A guji fil, gama hudarsa takan bar alama. Wajen kauri kuwa, yadi mai nauyin oza 10 zuwa 12 a kowane murabba'in yadi, watau kimanin giram 340 zuwa 400 a murabba'in mita, ya isa jakar ɗan makaranta, kuma keken gida zai iya da shi.

To, wanne za a zaɓa? Amsar tana ga yanayin ƙasar da mutum yake zaune. Kakin farafin yakan narke tsakanin digiri 46 zuwa 68 na ma'aunin Selshiyas, kuma tun kafin nan yakan yi laushi. Mazaunin Landan, inda ake yawan yayyafi, mai kaki ne abokin tafiyarsa. Amma a Jidda ko Khartum ko Njamena, jakar da aka bari cikin mota a rufe da tsakar rana tana iya yin naso, ƙura kuma ta manne mata. A can na kwaikwayo ya fi sauƙin riƙo. A garuruwa masu zafi da laima kamar Kumasi ko Duwala, kowanne yana da nasa ciwon, sai a ajiye jaka inda iska ke ratsawa.

Abu ɗaya da ya kamata a riƙe shi ne, babu ɗayansu da ke hana ruwa ɗungurungum, domin ta hudar allura yake shiga. Wanda zai iya ɗawainiyar shafa kaki kamar sau ɗaya a shekara, zai mori jakarsa shekara da shekaru. Wanda ba shi da wannan sukuni, to, ya sayi na kwaikwayo, yana sane da cewa kwanansa ƙidayayye ne.