Wane Suna Za Mu Sa wa Yaron?

Karatunmu na yau yana cikin Farawa 35:16-20, zancenmu kuwa a kan raɗin suna ne.

A ƙasarmu ta Zoza da Rogo da Karaye, kakanninmu ba su sa suna haka kawai ba. In ka ji Tanko, ka san mata ne suka riga shi. In ka ji Kande ko Delu, maza ta biyo. Gambo ya zo bayan tagwaye, Audi bai tarar da mahaifinsa da rai ba, Nomau kuwa ana tsakiyar noma aka haife shi. Ga kuma sunayen rana, su Ladi da Talatu da Ɗanjuma. Waɗannan ba zunubi ba ne, ba mu kuwa ga dalilin da zai sa mai bi ya ji kunyarsu ba.

Amma akwai sunan da tsoro ne ya haife shi. Macen da 'ya'yanta suke ta mutuwa, wadda ake ce wa mai wabi, in ta sake haihuwa sai a ɗauki jaririn a ajiye a kan juji na ɗan lokaci, a ce masa Ajuji ko Ayashe. Nufin shi ne a nuna kamar ba a damu da shi ba, domin abin da yake ɗauke 'ya'yan ya raina shi ya wuce.

Kwanakin baya aka kira mu wani gida, ana gobe suna. Uwar ta riga ta rasa 'ya'ya uku, ga ta da 'ya mace a hannu. Kakar ta ce Ajuji za a sa, ba ta son wata magana. Ba mu yi mata faɗa ba, gama ita ma ta sha kuka a kan jikokin nan. Sai muka buɗe labarin Rahila. Tana kan hanyar Baitalami naƙuda ta kama ta, ta yi tsanani. Da ranta yana fita ta kira yaron Ben-oni, wato ɗan baƙin cikinta. Yakubu kuwa ya ce a'a, Biliyaminu ne, ɗan hannun dama. Ku tuna shekara 14 Yakubu ya yi bauta saboda matar nan. Bai ɓoye baƙin cikinsa ba, har ya kafa dutse a kan kabarinta. Amma ya ƙi yarda yaron ya ɗauki wannan kaya a duk lokacin da aka kira shi. Kakar ta yi shiru ta daɗe. Washegari aka raɗa wa yarinyar suna Bege. Muka kuma roƙi uban kada ya yi wasa da kai ta allurar rigakafi, gama suna ba magani ba ne.

Wani kuskuren kuma namu ne na masu karatu. Tun 1932 muke da dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa, duk da haka sai mutum ya buɗe shafi ya ɗauki suna don daɗin ji kawai. Nabal wawa ke nan. Ikabod sunan ranar da aka ƙwace akwatin alkawari ne, cewa ɗaukaka ta rabu da Isra'ila. Waɗansu kuma sunan Turanci suke ɗaukowa daga talabijin, wanda kakar yaron ba ta iya faɗa ba. Ku tambaya tukuna. Bitrus dutse ne, Ishaku dariya, Istifanus kambi. Yohanna da Hannatu tushensu ɗaya ne a Ibrananci, wato alheri, saboda haka wanda ya sa wa 'yarsa Alheri bai kasa wanda ya sa Hannatu ba. Haka Godiya da Murna da Salama da Dogara, kowa ya ji ya gane.

Wataƙila kai mai ji sunanka Ajuji ne, ko ke sunanki Ayashe. Ba mu ce ku canja ba. Akwai wani mutum, Yabez, wanda uwarsa ta sa masa sunan wahala domin da wahala ta haife shi. Ya yi kira ga Allah, Allah kuwa ya biya masa roƙonsa. Sai ku karanta labarinsa cikin 1 Tarihi 4:9-10 kafin mu sake saduwa.