NA'URAR DA KE GANIN ƘWAƘWALWA TANA AIKI

Hoton da aka saba ɗauka a asibiti siffar gaɓa yake nunawa. Amma akwai wata na'ura da ake kira PET wadda ke nuna aikin da gaɓar ke yi. Amfaninta ga ƙwaƙwalwa babba ne, domin ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, alhali tana cin kimanin kashi 20 cikin 100 na makamashinsa. Sau da yawa in wani sashenta ya kamu da ciwo, cin abincinsa kan sauya tun siffarsa ba ta sauya ba.

Ga yadda abin yake. Ana yi wa majiyyaci allurar wani sukari da aka haɗa da sinadari mai fitar da ƙwayoyin da ake kira fositron. Sashen ƙwaƙwalwa da ya fi aiki shi ya fi jan sukarin. Da zarar fositron ya gamu da ilektaron sai su hallaka juna, su zama tartsatsin haske biyu masu ba juna baya. An kewaye kan majiyyaci da zobe na ƙananan duwatsun ƙarau masu walƙiya idan hasken ya doke su. In duwatsu biyu suka yi walƙiya lokaci guda, an san abin ya auku a kan layin da ke tsakaninsu.

Cikin 1975 ne Michel Ter-Pogossian da Michael Phelps da Edward Hoffman na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka suka bayyana irin wannan na'ura. Hotunan farko dishi-dishi ne, abin da bai kai santimita guda ba ba ya fita. Ga shi kuwa muhimman sassan ƙwaƙwalwa da dama 'yan milimita ne kawai.

Sai maƙera suka shiga rage girman duwatsun da matso da zoben kusa da kai. Nan wata matsala ta ɓullo. Hasken da ya shigo a karkace yakan ratsa dutse ɗaya ya tsaya a maƙwabcinsa, sai a zana layin a inda ba nan ba. Maganin shi ne a gane zurfin da hasken ya tsaya. Na'urar HRRT, wadda aka ƙera don ƙwaƙwalwa wajen shekarar 2000, tana da duwatsu kusan 120,000 hawa biyu, tana kuma rarrabe abu mai kimanin milimita 2.5. Cikin 2024 aka ba da rahoton cewa NeuroEXPLORER ta Jami'ar Yale ta sauko ƙasa da milimita 2.

To, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da duwatsun ke tarawa miliyoyin layuka ne, ba hoto ba. Lissafi ne ke mai da su hoto. Tun 1917 wani masani ɗan Ostiriya, Johann Radon, ya nuna ana iya gano cikin abu daga layukan da suka ratsa shi. Cikin 1982 Shepp da Vardi suka kawo wata dabara: kwamfuta ta kintaci hoton, ta lissafa abin da duwatsun za su ƙirga in da haka yake, ta gwada da abin da suka ƙirga, ta gyara, ta sake. Aikin yana da jinkiri, sai a 1994 Hudson da Larkin na Ostareliya suka kasa layukan kashi-kashi, ya yi sauri har asibitoci suka ɗauka.

Dalilin wannan wahala shi ne ba a iya ƙara wa majiyyaci sinadarin yadda aka ga dama, domin yawansa illa ne. Tilas a ci moriyar kowane tartsatsi. Bugu da ƙari, ɗan motsin kai na iya ɓata hoton, shi ya sa ake bin motsin da kyamara, a gyara shi cikin lissafi.

Ribar kuwa ta marasa lafiya ce. Mai farfaɗiyar da ta gagari magani, hoton na taimaka wa likitan fiɗa ya gane inda ciwon ke tasowa. Tun 2012 kuma Amurka ta amince da sinadarin da ke nuna daskararren furotin na cutar mantuwa ta Alzheimer. Saboda haka ɗaliban da ke tambayar amfanin darasin lissafi, ga amsa: da shi likita ke ganin cikin kan mutum ba tare da ya sa wuƙa ba.