Abincin Yaro da Lafiyar Tunaninsa

A makarantar Lahadi akan sami yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, ko yarinyar da kullum kanta ke kan benci, ba ta amsa tambaya, abu kaɗan ta fashe da kuka. Mu manya mukan yi saurin yanke hukunci. Wani ya ce taurin kai ne, a kawo bulala. Wani ya ce aikin magabci ne, a kira masu addu'a. Da wuya a sami mai tambaya: me yaron nan ya ci yau, me kuma yake ci kullum?

Littafi Mai Tsarki bai raina wannan tambaya ba. A 1 Sarakuna sura 19, annabi Iliya ya gudu daga Yezebel zuwa jeji, ya karai har ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ubangiji bai fara da tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa har sau biyu, daga baya ya yi magana da shi a Dutsen Horeb. Haka kuma a Markus sura 5, da Yesu ya ta da 'yar Yayirus, sai ya umarta a ba ta abinci. Allah da ya ba mu rai shi ne ya yi jikinmu, ya kuma san yadda ɗaya ke taɓa ɗaya.

Abin da masana suka gano

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsalar tunani, kamar ciwon damuwa ko yawan fargaba. A shekarar 2014 wasu masana a Ostareliya, ƙarƙashin Adrienne O'Neil, sun tattara bincike 12 da aka yi a kan yara da matasa. Sun ga cewa waɗanda abincinsu ya fi karkata ga kayan zaƙi, soye-soye da abincin leda sun fi yawan samun irin waɗannan matsaloli. Amma hanyar tana tafiya ta ɓangare biyu: rashin abinci mai kyau na iya raunana tunani, yaron da ke cikin damuwa kuma yakan ƙi abinci ko ya koma wa zaƙi.

Yadda abinci ke taɓa ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar yaro ɗan shekara biyar tana cinye fiye da rabin ƙarfin da jikinsa ke ƙonawa idan yana hutawa. Yaron da ya tafi makaranta bai karya kumallo ba, kafin tsakar rana hankalinsa ya rabu, fushi ya zo kusa.

Sai sinadarin ƙarfe, wanda jini ke buƙata don kai iska ga ƙwaƙwalwa. Idan ya yi ƙaranci, yaro yakan yi kasala, ya riƙa jin jiri, ya kasa riƙe karatu, ya zama mai saurin fushi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin ɗari na yaran Najeriya masu wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini. 'Yan mata da suka fara al'ada suna cikin haɗari na musamman, domin suna rasa jini kowane wata. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki su ma suna rage jini.

Akwai kuma sinadarin aidin. Rashinsa ne ke kawo maƙoƙo, yana kuma hana ƙwaƙwalwa girma yadda ya kamata tun yaro yana ciki. Shi ya sa ake sa shi cikin gishirin da ake sayarwa.

Game da sukari, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali shida a rana. Kwalbar lemo ɗaya mai santilita 35 tana iya ɗauke da kusan cokali tara. Yaron da ya cika ciki da lemo da biskit ba zai nemi tuwo da miya ba.

Abin da za mu iya yi a gida

Mun san halin da kasuwa ke ciki, amma yawancin abin da yaro ke buƙata yana kusa da mu. Kada yaro ya fita da safe ciki ba komai. Ko kunun gyaɗa ne da ƙosai ya wadatar. A yawaita wake, awara, gyaɗa da daddawa. A sa zogale, alayyafo, rama da kuka a miya. Idan an sami ƙwai, busasshen kifi ko hanta, a tuna da yara, kada duk naman ya ƙare a kwanon maigida. Gwaiba, lemon zaƙi ko tumatir tare da abinci suna taimaka wa jiki ya sha sinadarin ƙarfe, shayi kuwa yana rage shansa, don haka a raba lokacinsu. A ci abinci tare a matsayin iyali, domin a bakin kwano ne uwa ke lura da ɗan da ya yi shiru.

Aikin ikilisiya

Zumuntar mata na iya koyar da haɗa garin kunun yara na gero, waken suya da gyaɗa. A bikin Kirsimeti da taron yara, a sa 'ya'yan itace kusa da alawa. Daga baikon godiyar kaka a keɓe hatsi da wake domin marayu, gwauraye da iyalan da rikici ya raba da gonakinsu. Malaman makarantar Lahadi su riƙa tambaya a asirce, ba tare da kunyata yaro ba.

Inda abinci ya tsaya

Abinci ba ya maganin kowace damuwa. Yaron da ya ga tashin hankali, ko ake cin zarafinsa, ko ya rasa iyaye, yana buƙatar mai saurarensa. Idan yaro ya yi makonni cikin baƙin ciki, ya daina barci ko cin abinci, ko ya ambaci kashe kansa, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri, da sashen kula da tunani a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Zuwa wurin likita ba rashin bangaskiya ba ne.

'Yan'uwa, mu ci gaba da yi wa 'ya'yanmu addu'a da horo cikin Ubangiji. Amma kafin mu ɗaga bulala, mu tuna da yadda Allah ya bi da Iliya, mu fara duba kwanon yaron.